Amfilifayar bes mai wat 500 da akwatin wat 300: wa zai ƙone wa?

Tsirkiya_Hudu
Assalamu alaikum masana. Ina da amfilifayar gitar bes ta tiransisto, an rubuta a bayanta wat 500 a om 4, wat 300 a om 8, kuma kada a yi ƙasa da om 4. Akwatin da nake haɗa ta da shi sifika ɗaya ce mai inci 15, om 8, wat 300. Ina so in ƙara akwati mai sifikoki huɗu 'yan inci 10. Guda biyu ne a gabana: ɗaya om 8 wat 400, ɗaya om 4 wat 600. Wasu na cewa kada wat ɗin amfilifaya ya wuce na akwati ko da ɗaya, wasu kuma na cewa ƙaramar amfilifaya ce ma ke kashe sifika. Wanne ne gaskiya, kuma wanne akwatin ya dace?

Mai_Mita
Wa alaikumus salam. Ajiye maganar wat tukuna, fara da om, wato ma'aunin juriyar akwati ga wuta, don shi ke kashe amfilifaya. Wat kuma sifika yake kashewa.

In ka haɗa akwati biyu a amfilifaya ɗaya, ka ninka om ɗinsu da juna, ka raba da jimillarsu. 8 da 8: 64 a raba da 16, ya ba ka 4. Daidai iyakar amfilifayarka ke nan. 8 da 4 kuwa: 32 a raba da 12, wajen 2.67. Ya faɗi ƙasa da 4. Amfilifayar za ta ja wutar da ba a gina ta don ita ba, ta yi zafi, in tana da kariya ta ɗauke ana tsakiyar kiɗa, in kariyar ta gaza tiransistocin fita su tafi. Saboda haka mai om 4 ɗin nan ba ya haɗuwa da akwatinka na yanzu. Shi kaɗai kam zai yi.

Sannan a halin da kake ciki yanzu, wat 500 ɗin nan ba ya fitowa. Akwatin om 8 ne a kai, don haka 300 ne iyakarta.

Bes_Kawai
Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce amfilifaya ta ninka RMS na akwati, wato wat ɗin da yake jurewa a kai a kai, sau 1.5 zuwa 2. Akwatin 300 yana son 450 zuwa 600. Ka huta, ba abin da zai faru.

Injiniya_Koyil
Ɗan'uwa Bes_Kawai, wannan ƙa'idar daga wurin masu manyan sifikokin taro ta fito, inda ake da limita mai hana ƙarfi wuce iyaka, da mataci mai yanke ƙasan sauti, da mutum a zaune gaban mikisa yana lura. A kan akwatin bes da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, tana iya sa mutum asara.

Hanya biyu sifika ke mutuwa. Ta farko zafi: koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar sifika, ya gasu, fentin da ke jikin wayar ya narke, gam ya saki, wayar ta tsinke ko ta kumbura ta riƙa gogar maganaɗisu. Lambar wat da ke jikin akwati wannan kawai take aunawa. A gwajin AES, na ƙungiyar injiniyoyin sauti, ana ba sifika sautin gwaji na tsawon awa 2 a ga abin da za ta jure ba tare da ta lalace ba. Ba a ce za ta yi daɗin ji a wurin ba.

Ta biyu motsi: takardar sifika ta yi gaba da baya fiye da iyakarta. Ita ce Xmax a takardar bayani, ana ba da ita da milimita. In aka wuce ta sauti ya fara ɓaci, in aka ci gaba gindin koyil ya doki ƙarfen baya, ko gefen takardar ya yage, ko ta karye a tsakiya. A bes wannan iyakar ake fara cimmawa. Buɗaɗɗiyar tsirkiyar E tana kan 41 Hz, wato girgiza 41 a daƙiƙa, B ta mai tsirkiya biyar tana wajen 31 Hz. A can ƙasan, akwai akwatuna da yawa da motsinsu ke ƙarewa tun ba a kai rabin wat ɗin da aka rubuta musu ba. Don haka ko wat 300 a kan akwatin 300 ba lamuni ba ne.

Dan_Dandamali
Amma Injiniya, maganar ƙaramar amfilifaya gaskiya ce. In ta ƙure, kan sautin ya yanke ya miƙe, wannan miƙewar DC ce, wato wutar da ba ta juyawa, take turawa cikin koyil. Takarda ta tsaya cak, ba iska, sai ƙonewa.

Injiniya_Koyil
Ba DC ba ce, Malam. Sautin da kansa ya yanke yana nan yana juyawa gaba da baya sau 41 ko sau 100 a daƙiƙa kamar yadda yake yi a da, takarda kuma ba ta tsayawa. Abin da ke faruwa lissafi ne. Sautin da aka ƙure shi har ya zama mai kusurwa huɗu yana ɗauke da ninki biyu na ƙarfin lafiyayyen sauti mai tsayi ɗaya da shi. Ke nan amfilifayar da aka rubuta wa 300, in aka matse ta har ƙarshe, tana iya dosar 600. Ka ga ba ƙarancin wuta ya kashe sifikar ba, yawanta ne, ta ƙofar baya ya shigo.

Gwada tunanin da ƙananan lambobi: amfilifaya mai wat 30, ka ƙure ta yini guda a kan sifikar wat 300. Iyakarta 60. Kunne zai wahala, sifika ba abin da zai same ta. Masu gita suna kunna sauti mai ɓaraka da gangan shekara da shekaru, da yankewar kanta ke kisa da ba sifikar gita ko ɗaya da ta rage.

Dan_Dandamali
Na yarda da lissafin, amma tuwita fa, ƙaramar sifikar nan ta sautukan sama? Ita kam tana tafiya.

Injiniya_Koyil
Nan kam ka yi gaskiya. Yankewa tana haifar da sautuka na sama waɗanda ba sa cikin asalin kiɗan, kuma duk tuwita ake tura wa su. Koyil ɗinta siriri ne, 'yan wat kaɗan take ɗauka. Shi ya sa wasu kamfanoni ke sa ƙaramin ƙwan fitila ko fiyus a layinta ya shanye rarar. Wanda ke amfani da feda mai ɓata sauti ya rage mamurɗin tuwita da ke bayan akwati, ko ya kashe ta gaba ɗaya.

Hajiyar_Sauti
Ku dawo kan tambayar bawan Allah. Ya rage masa mai om 8 in har haɗawa zai yi, to ga abin da ba a faɗa masa ba. Akwati biyu masu om ɗaya suna raba wuta daidai wa daida, amfilifaya ba ta san sifika nawa ke cikin kowanne ba. 500 ya zama 250 da 250. A akwatin 4x10, wato mai 'yan inci 10 guda huɗu, kowace sifika ta sami 62.5. Mai inci 15 ita kaɗai ta sha 250. Kaya ne aka raba biyu, rabi aka ba mutum huɗu, rabi aka ɗora wa mutum ɗaya.

Faɗin takarda ma ba ɗaya ba ne. Inci 15 tana da wajen santimita murabba'i 850, 'yan inci 10 guda huɗu sun haura 1,300. Ga shi kuma 4x10 ake ɗorawa a sama, kusa da kunne. Shi zai fi ƙara, ya rufe kukan ta ƙasa. Lokacin da mai inci 15 ta fara neman agaji ba za ka ji ba, sai an tashi ka ga ta mutu.

Kuma kada a tara 300 da 400 a ce an sami 700. In om ɗaya ne, ƙaramin ake ninkawa biyu: 600.

Tsirkiya_Hudu
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Wata tambaya: in na ɗauki waya daga amfilifaya zuwa akwati na farko, na sake ɗaukar wata daga bayansa zuwa na biyu, ba jere ya zama ba? Ai sai om ya ƙaru, 8 da 4 su zama 12, in tsira da mai om 4 ɗin.

Mai_Mita
A'a, kada ka gwada. Ramuka biyun da ke bayan akwati kusan kullum a haɗe suke kai da kai, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa. Haka ramuka biyun da ke bayan amfilifaya mai layi ɗaya. Ko ta ina ka bi, 2.67 ɗin nan ne. Haɗin jere na gaskiya sai an yi masa waya ta musamman ko ƙaramin akwatin haɗi. Ko ka yi, a om 12 amfilifayarka wajen wat 200 za ta ba da, kuma a jere mai om babba ne ke kwasar kaso biyu cikin uku, wato mai inci 15 ɗin dai.

Tunda akwatunan ba sababbi ba ne wataƙila, auna su kafin ka yarda da rubutun jiki, don ana canja sifika a bar tsohon rubutu. Cire akwati daga amfilifaya, sa waya a raminsa, sa mita a ma'aunin om mafi ƙanƙanta, taɓa kan jak da jikinsa. Mita ba za ta ba ka 8 cif ba, don juriyar wayar koyil kawai take gani. Akwatin om 8 zai nuna tsakanin 5 da 7, na om 4 wajen 3 zuwa 3.5, na 16 wajen 12. Ka fara haɗa bakin wayoyin mitar da juna ka ga abin da ta nuna, ka cire shi daga sakamakon, don a ƙananan lambobi irin waɗannan 0.3 ma yana da tasiri. In 4x10 na om 8 ya nuna 8 ko sama, yi zargin akwai wadda ta mutu a ciki ko waya ta cire.

Bawul_6550
Duk abin da aka faɗa a sama na tiransisto ne da kilas D, wato irin ta tiransisto mara nauyi. Kada mai amfilifayar bawul, mai aiki da ƙwayayen gilashi a maimakon tiransisto, ya karanta ya ɗauka nasa ne, don nasa kusan a juye yake. Ta tiransisto ba ta damu da om ya yi sama ba, ko ba akwati a kai ma ba komai. Ta bawul tana da tiransifoma a bakin fita, kuma in aka kaɗa ta ba akwati, wutar da ta taru a tiransifomar ba ta da wurin zuwa. Sai bolt ya yi tsalle ya huda fentin wayoyin ciki, ko ya yi tartsatsi a gindin bawul. Tiransifomar fita kuwa tana cikin mafi tsadar kayan da ke cikinta.

Dubi Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969: wat 300, ana zaɓar om 2 ko om 4. Ko a wanne ka sa ta 300 ɗin take bayarwa, muddin akwatin ya dace da ramin. Akwatinta na 8x10 om 4 ne. Mai akwatin om 8 guda ɗaya ba shi da ramin da ya dace da shi a jikinta.

Ƙa'ida: akwati ya fara shiga kafin a kunna, a duba maɓallin om da ido kowane lokaci, kuma wayar sifika ta zama wadda ba ta da tarihin tsinkewa.

Bes_Kawai
Oga, ai ana cewa bawul tana jure rabi ko ninki. 8 a ramin 4 ba ya kisa.

Bawul_6550
Wasu suna jurewa, musamman in ba a buɗe su sosai ba. Amma ya danganta da tiransifomar da yadda aka matsa wa bawul ɗin tun daga zane. In littafin amfilifayar bai ba da izini ba, ni ban ba kowa ba.

Wayar_Tagulla
Tunda an taɓo waya. Wayar gita da wayar sifika kansu iri ɗaya ne in jak ne, shi ya sa ake musanya su a duhun dandamali. Wat 500 a om 4 yana nufin wajen bolt 45 da amfiya 11. Wayar gita zare ɗaya ne siriri a tsakiya da raga a kewaye, an yi ta don 'yar wutar da ba ta kai a ji a hannu ba. Sa mata amfiya 11, ta yi zafi, robar tsakiya ta narke, zaren ya taɓa raga. Ga ta tiransisto wannan gajeren haɗi ne, in kuma zaren ya tsinke, ga ta bawul an cire akwati ke nan ana tsakar aiki.

Nemi mai jijiya biyu masu kauri ɗaya, milimita murabba'i 1.5 zuwa 2.5, wato kusan 16 zuwa 14 a ma'aunin AWG. Daga amfilifaya zuwa akwati mita ɗaya ta isa. In akwai ramin Speakon a yi amfani da shi: yana kullewa, ƙarfensa ba a waje yake ba, kuma ba ya haɗa jijiyoyin biyu lokacin sawa kamar yadda jak ke iya yi. 1+ da 1- ake ɗaurawa.

Ƙari ga masu kilas D: da yawansu duka jijiyoyin biyu wuta ne, ba wadda take ƙasa. Kada jikin jak ya taɓa ƙarfen wani abu, kada kuma a haɗa bakin sifikarta da akwatin DI, mai tura sauti zuwa mikisa, sai littafi ya ce ana yi.

Tsirkiya_Hudu
Na gode. Gaskiyar magana abin da ya sa nake son akwati na biyu shi ne in fito da 500 ɗin duka, don mai ganga yana danne ni.

Kunne_Biyu
To a nan ne lissafin wat ke yaudarar mutane. Daga 300 zuwa 500 bambancin wajen 2.2 dB ne, a ma'aunin ƙara. Za ka ji shi, amma da kyar. Ninka wat biyu 3 dB yake bayarwa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka ana bukatar wajen 10 dB, wato wat sau goma, 3,000 a maimakon 300.

Ribar akwati na biyu daga yawan takarda take zuwa. Akwati biyu iri ɗaya a jingine da juna suna ƙara wajen 3 dB a ƙasan sauti ko da wat bai canja ba. Haɗa da 2.2 na wuta, ka doshi 5 dB, kuma kowace sifika aikinta ya ragu daga 300 zuwa 250. Sannan na sama ya matso kusa da kunnenka. Sau da yawa mai bes da ke cewa ba ya jin kansa, gwiwoyinsa ne ke sauraron akwatin.

Wajen zaɓe dubi lambar da ake rubutawa kamar 98 dB, wat 1, mita 1. Akwatin 99 dB a wat 250 ɗaya yake da na 96 dB a wat 500. A kula dai: in an rubuta bolt 2.83 a maimakon wat 1, a om 8 wat 1 ne, a om 4 kuwa wat 2 ne. Sai akwatin om 4 ya fito da ƙarin 3 dB a rubuce wanda ba nasa ba ne.

Injiniya_Koyil
In ƙara a kan na Kunne_Biyu. Tagulla juriyarta tana ƙaruwa da wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi. Koyil da ya tashi daga digiri 20 zuwa 200 juriyarsa ta ƙaru da wajen kashi 70. Yana jan wuta kaɗan, ƙara ta ragu da 3 dB ko fiye. Makaɗi ya ji sautinsa ya yi sanyi a rabin na biyu na wasa, ya ƙara bolum, zafi ya ƙaru, ƙara ta sake raguwa, ya sake ƙarawa. Da yawa cikin koyil ɗin da ke zuwa baƙi ƙirin ta wannan hanyar suka bi. In ka murɗa bolum ka ji ƙara ba ta ƙaru ba, ka iso iyaka, koma baya.

Hajiyar_Sauti
Mamurɗin bes na EQ, wato mamurɗan daidaita ƙasa, tsakiya da saman sauti, shi ma bolum ne, sai dai na wurin da sifika ta fi rauni. Ƙara 3 dB ninki biyu ne na wat a wannan yankin, 6 dB ninki huɗu, 10 dB ninki goma. Wanda ke kaɗawa a wat 75 ya ɗaga bes da 6 dB ya nemi 300. In gitar mai batir ce ita ma an ɗaga bes a jikinta, ƙarin yana hawa kan ƙari.

Don mai ganga, maganin yana tsakiya. Mayar da bes daidai ko ka ɗan rage, ɗaga wajen 200 zuwa 800 Hz kaɗan kaɗan har ka ji kanka. Kai kaɗai a ɗaki ba zai yi maka daɗi ba, a cikin kiɗa kuwa shi ke fitowa. Maɓallin nan da ke kwashe tsakiya ya ɗaga ƙasa da sama, kashe shi a dandamali.

Mataci_HPF
Abu ɗaya da ya fi kowanne kare akwatin bes shi ne HPF, mai yanke abin da ke ƙasa da inda ka sa shi. Akwati mai ramin iska ana daidaita ramin a wata lamba, galibi tsakanin 40 da 50 Hz. A daidai wurin takarda ba ta motsi sosai, ramin ke aikin. Ƙasa da shi kuwa iskar akwatin ta daina riƙe takarda, sai ta riƙa lilo kamar ba a akwati take ba, ba kuma wani sautin kirki da ke fita. Bugun tafin hannu a kan tsirkiya, cire jak ba a kashe ba, fedar da ke sauke sauti da oktaf guda, wato zuwa rabin Hz ɗinsa, duk can suke aika wuta.

Sa shi a 35 zuwa 40 Hz ga mai tsirkiya huɗu, mai gangaren 12 dB ko 24 dB a oktaf. Cire ragar gaba in tana ciruwa, kaɗa E da ƙarfi, kalli takardar, sannan kunna HPF ka sake kallo. Bambancin a ido ake ganinsa.

Bes_Kawai
In E tana 41 ka yanke a 40, ai ka cinye ta. B kuma ta tafi gaba ɗaya.

Mataci_HPF
Ba wuƙa ba ce, gangare ne. Kuma abin da kunne ke kira E yawancinsa 82 da 123 ne, ninki biyu da uku na asalin. A B ma 62 da 93 ake ji. Akwatuna kaɗan ne ke fitar da 31 Hz da ƙarfi. Akwai masu kai shi 60 ko 70 a ɗaki mai amsa kuwwa, su ji bes ɗin ya ƙara fitowa.

Kunne_Biyu
60 ya yi yawa in akwatin ne kaɗai ke ciyar da wurin, musamman a fili inda ba bango. In ana tura bes ta manyan sifikoki kuma, na yarda, har 80 ma, tunda naka na ji ne kawai. Wasu amfilifayoyin suna da HPF a ciki wanda ba a sa masa mamurɗi ba, a duba littafi kafin a sayi na biyu.

Sabon_Hannu
Gafara dai manya. In na bar bolum a rabi, ba rabin wat nake ba akwati ba? Sai in sa 500 a kan 250 hankali kwance.

Mai_Mita
A'a ƙanena. Mamurɗin yana faɗin sau nawa za a ninka abin da ya shigo ne, ba ya sa iyaka. Gita mai ƙarfi da hannu mai nauyi suna iya ƙure amfilifaya bolum yana kashi uku cikin goma. Yadda ake yi: rufe masta, wato bolum na fita, kaɗa mafi ƙarfin abin da za ka kaɗa, ɗaga gen, wato bolum na shiga, har jar fitila ta fara ƙyaftawa, ka ɗan koma baya. Gita mai batir ta shiga ramin da aka rage masa ƙarfi in fitilar tana saurin kamawa. Sannan ka buɗe masta.

Mai son iyaka ta gaskiya sai limita, kuma da bolt ake saita ta. Ninka wat da om, ka ɗauki tushen murabba'i. 300 sau 8 ya ba da 2,400, tushensa wajen bolt 49. In kana so ka tsaya a 150 saboda motsin takarda, wajen bolt 35. Cire akwati, ba amfilifaya sautin gwaji na 50 ko 60 Hz don a nan ƙananan mitoci suka fi faɗin gaskiya, sa mita a AC a bakin fita, ɗaga har lambar ta kai, saukar da limita har ta riƙe a wurin. Na tiransisto kawai, mai bawul kada ya cire akwati.

Injiniya_Koyil
Hanyar daidai ce, da sharaɗi biyu. Limitar ta zama a bayan EQ da masta, in ba haka ba duk wanda ya taɓa mamurɗi ya rushe saitin. Na biyu, limita ko kwamfuresa mai danne tsallen sauti da aka matse sosai tana rage tsalle amma tana ɗaga matsakaicin wuta, kuma matsakaicin ne ke dafa koyil. Ta kare ka daga yagewa ta miƙa ka ga zafi. In fitilarta ba ta mutuwa, akwatin ya yi maka kaɗan.

Gyaran_Sifika
Ga wanda zai sayi na hannu, ko yake zargin nasa. A kashe, sa yatsu a kewayen tsakiyar takarda, ban da ƙoƙon tsakiya, danna a hankali daidai ta kowane gefe. Lafiyayya tana shiga ta dawo shiru. In ka ji ƙarar goga kamar yashi, koyil ya kumbura ko ya karkace. Shinshina ramin iska, ƙonannen fenti ba ya ɓuya. Haska tocila a kan takardar ka nemi layin karyewa a zagaye, alamar an sha wuce Xmax ke nan.

Sai batir mai bolt 9. Taɓa kan jak da +, jikinsa da -, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Duk sifikokin su yi gaba tare. Wadda ta tsaya ta mutu ko wayarta ta cire, wadda ta yi baya an juya mata waya. Yi wa akwatunan biyu. In ɗaya na gaba ɗaya na baya, suna cinye ƙasan sautin juna, mai shi ya yi ta ƙara bes yana neman abin da ya ɓace, duka biyun su wahala.

A wurin kiɗa kuma, sautin ɓarɓar a ƙananan tsirkiyoyi gargaɗi ne na farko. Ƙas ƙas mai ƙarfi kamar an buga ƙarfe, koyil ne ya taɓa baya, rage nan take.

Tsirkiya_Hudu
To yanzu in taƙaita abin da na fahimta: mai om 4 ba ya haɗuwa da nawa, mai om 8 yana haɗuwa amma inci 15 za ta fi wahala. Wanne zan ɗauka ke nan?

Hajiyar_Sauti
Ba ko ɗaya. Nemi irin naka sak, 1x15 om 8 na kamfani ɗaya. Om 4, 250 kowanne, ramin iskarsu a lamba ɗaya, su gaji tare kuma ka ji lokacin da suka gaji.

Kunne_Biyu
Ni mai om 4 zan ce, shi kaɗai, a ajiye 15 ɗin don ƙananan wurare. 500 a kan 600, kowace sifika 125, takarda ta fi ta yanzu da fiye da rabi, waya ɗaya, ba lissafi. Illarsa ɗaya: ka rufe ƙofar ƙari, don amfilifayar ta kai iyakarta. In ka ɗora shi a kan wani abu ya matso kunne, mai ganga ba zai dame ka ba.

Dan_Dandamali
Mutane da yawa suna haɗa 4x10 da 1x15 shekaru ba abin da ya faru. 250 a kan 300 ne fa. Da HPF da hankali zai yi.

Injiniya_Koyil
Zai iya yi, amma ba tabbas zai yi daɗi. Akwati biyu daban suna iya taimakon juna a wani yanki su danne juna a wani, kuma ba a sanin haka daga takardar bayani. In mai sayarwa zai bari a gwada, a haɗa su, a kaɗa kowace tsirkiya daga sama har ƙasa, a saurari inda sauti ke faɗawa rami. Sannan a cire 15 ɗin a saurari 4x10 shi kaɗai a wat 300. In bambancin bai taka kara ya karya ba, ɗaukar akwati biyu wahala ce kawai.

Mai_Mita
Duk wanda ka zaɓa a cikin shawarwarin nan, amfilifayar za ta koma aiki a om 4, kuma a nan ta fi zafi. Bar mata tazarar tafin hannu a baya da gefen da fanka take, busa ƙurar ragar, kada a ɗora riga ko jaka a kanta. Kafin ka biya kuɗi kuma ka auna 4x10 ɗin, ka kawo mana lambar da mita ta nuna da kuma inda aka daidaita ramin iskar 15 ɗinka in yana cikin littafinsa, sai Mataci_HPF ya faɗa maka inda za ka yanke.